Wa Ya Ɓata wa Inna Rai

A danginmu na wajen uwa, mace ba ta mutuwa haka kawai, sai an samo wanda ya ja mata. Kakarmu ta faɗi a bakin turmi da hantsi, taɓarya na hannunta, kafin a kawo ruwa a yayyafa mata rai ya yi halinsa. Aka ce ta haɗiye zuciya, aka kuma ɗora wa maƙwabcinsu na gona, don sun yi cacar baki kan iyaka a makon. Yayar Inna kuwa daga rijiya ta dawo, ta sauke tulu, ta ce a shimfiɗa mata tabarma kanta na juyawa, ba ta ƙara tashi ba. Ita ma aka ce haɗiyar zuciya ce, mijinta ne ya sayar mata da tumaki bai shawarce ta ba. Mutumin nan har ya koma ga Allah ba wanda ya ƙara sakar masa fuska a cikinmu. Da wannan na tashi: matan gidanmu zuciya gare su, in aka ƙuntata musu ba sa faɗa, sai dai a ga sun faɗi. Ni kaɗai na fita daban, don ni in abu ya taɓa ni sai unguwa ta ji.

To, mai irin wannan tashi aka kira a waya aka ce mata uwarta na da ciwon zuciya.

Ina Tanut, inda nake aure, ina kan keken ɗinki, ana daf da kaka, sai ga kiran ƙanena, autan Inna. A gidansa take zaune, can ƙauyenmu na yankin Gangara, tun rasuwar Baba. Sai ya hau tudun bayan gari yake samun rezo, wato sabis ɗin waya, saboda haka in aka ga kiransa to da magana. Muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, hatsi ya yi kyau, tsuntsaye sun dame su, sannan ya ce, "Yaya, dama jikin Inna ne. An kai ta wajen majo, ya ce ciwon zuciya ne. Ya ce a kai ta Damagaram, ita kuwa ta ƙi."

Majo shi ne babban ma'aikacin ɗan gidan likitan da ke garin da muke cin kasuwa. Ni dai kunnena bai ɗauki sauran maganar ba. Na ce, "Ciwon zuciya? Wa ya sa mata?"

"Yaya, ba haka ba ne..."

"Auta, kar ka raina mini hankali. Wa ke ɓata mata rai a gidan nan?"

Rezo ya ɗauke, ko kuma shi ya kashe, har yau ban yarda da shi ba a kan wannan. Na naɗe ɗinkin mutane, na gaya wa maigidana, washegari na hau motar kasuwa. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Gani nake Inna za ta bi uwarta da yayarta, kuma na sha alwashin sai na tono mai ƙuntata mata tun tana da rai. A cikin motar ma na riga na yanke hukunci. Gidan mutum nawa ne? Auta, matarsa, ƴaƴansu ƙanana. Matar ba ƴar garinmu ba ce, daga wajen Tenhya aka auro ta, kuma ba ta da yawan magana. Ni kuwa ban taɓa yarda da mutum mai shiru ba.

Na iske Inna zaune a inuwar rumbu ta jingina bayanta. Ni ce ƴar farinta, don haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama ta yi hira da ni kamar yadda take yi da Auta. In za ta yi mini magana gefe take kallo. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon awaki, ta tambayi yara da maigida. Na ce, "Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Wa ya ɓata miki rai?"

Ta ja dogon numfashi, ta ce, "Ba kowa." Irin ba kowan nan da ke nufin akwai. Haka na ji shi, kuma ina da yaƙinin haka ta so in ji shi.

Maƙwabta suka shigo yi mini sannu da zuwa, kowace sai ta ce, "Kin ga Inna ta yi ƙiba, Amarya na kula da ita." Amarya muke ce wa matar Auta, ko da yake ta haihu ta ƙara. Na dubi Inna. Fuskarta ta cika, ƙafafunta sun yi ɓul-ɓul, tana sanye da tsofaffin takalman Auta. A raina na ce, ko takalmi ba su iya saya mata ba, sai kwancen namiji. Sannan na lura zoben azurfarta ba ya hannunta, zoben da ban taɓa ganin ta cire ba ko wajen kwaɓa tuwo. Na adana wannan a raina.

Da la'asar aka sauke tuwo. Nan na ga abin da ya tayar mini da hankali. Tukunyar miya biyu ce a murhu, babba ta gida, da wata ƴar ƙarama a gefe. Daga ƙaramar Amarya ta zuba wa Inna. Haba! A gidan ɗanta a ware mata tukunya kamar mai cutar da ake gudu? Na miƙa hannu na ɗanɗana. Lami. Ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙule, ba ko ɗigon man shanu, kuka ce kawai da ruwa da ƙamshin daddawa daga nesa. Inna ta yi loma kaɗan ta ture kwanon, ta ce wa iska, "Tsufa dai ba daɗi." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Na sami Amarya a madafa. Na ce, "Amarya, gishiri ne ya ƙare a garin nan, ko a kwanon uwata kaɗai ya ƙare?"

Ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Majo ne ya hana, Yaya."

"Majo ne ya ce a cire mata man shanu?"

"Shi ne."

"Shi ya ce ta sa takalmin namiji?"

Ta ci gaba da kankare tukunyarta. Na ce a raina, ga shi nan.

Kwanakin da suka biyo baya na zama ɗan sandan ciki a gidan ƙanena. Duk abin da na gani sai ya ƙara mini zargi. Inna ta ɗauki taɓarya, Amarya ta zo a guje ta karɓe. Inna ta nufi gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta da ke bayan gida, inda take shuka gyaɗa da kuɓewa da yakuwa, Auta ya tare ta ya ce ta zauna, Amarya za ta je. Na ce, to fa. An hana ta turmi, an hana ta gona, an ware mata tukunya, yanzu kuma ana so a kwashe ta a kai Damagaram daidai lokacin cirar gyaɗa. Wa zai ci gyaɗar? Na tare Auta a zaure na faɗa masa haka ɓaro-ɓaro. Ya riƙe baki ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Gyaɗar da ba ta cika buhu ba?" Na ce wanda zai ci ba ya raina ta. Ya kaɗa kai ya fita, ni kuwa na ɗauki fitar tasa a matsayin rashin gaskiya.

Cukun da na kawo mata tsaraba daga Tanut da kilishi, da hannuna na ba Inna, na ce ta ɓoye. Ta karɓa da sauri ta tura ƙarƙashin zane. Rabon da in ga ta yi murmushi haka na manta.

Wata safiya na fito daga bayan gida, sai na hango Amarya a tsugune bayan madafa, ta juya wa tsakar gida baya. Tana murƙushe wani farin abu da gindin ludayi a kan faifai. Na laɓe jikin zana. Ta tattara garin, ta duba hagu ta duba dama, ta zuba a ƙwaryar furar Inna ta dama. Ban san lokacin da na isa gare ta ba, na dai ga hannuna riƙe da wuyan hannunta.

"Me kika zuba? Me kike ba uwata? Yau sai garin nan ya ji!"

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ƙwace ba. Da ɗaya hannun ta kwance haɓar zanenta ta fito da ƙwayoyin likita a cikin ledarsu. Ta ce, "Maganinta ne, Yaya. Zo ki gani." Ta ja ni har bayan ɗakin Inna, ta ɗaga gindin zana da ƙafa. Ƙwayoyi ne farare a cikin rairayi, wasu sun narke sun manne da kara, wasu na nan ƙalau.

"In na ba ta a hannu sai ta kai baki, ta sha ruwa, ta ce ta haɗiye. A nan wurin take zubarwa. Kaji ne suka tona na gani. Shi ya sa nake sa mata a fura."

"Auta ya sani?"

"In na faɗa masa zai yi mata faɗa, ta ce ni na haɗa ta da ɗanta."

"Zobenta fa?"

"Yatsan ne ya kumbura har ya fara baƙi. Maƙeri aka kira ya yanke shi. Yana cikin adudunta. Takalmanta ma ba sa shiga, shi ya sa."

Na sake ta. Kar a ɗauka nan take na wanke ta, a'a. Na je na buɗe adudun da kaina, na ga zoben a yanke, sannan na yarda da rabin maganar. Sauran rabin na ce sai na gani da idona. Abin da ya canza shi ne, daga ran nan na ɗauke ido daga kan Amarya na mai da shi kan Inna.

Ashe tsohuwar nan gwana ce. In za mu je gaisuwa maƙwabta, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ta tsaya ta ce zanenta ya kwance, ta daɗe tana ɗaurawa. An jima ta tsaya duba akuyar wasu, wai ko mai ciki ce. An jima ƙaya ta soke ta. Na duba ƙafar, ba ƙaya. Numfashi take mayarwa, kafaɗunta na hawa suna sauka, bakinta a ɗan buɗe, tana ɓoye shi da mayafi. Da rana kowa ya miƙe a tabarma, ita sai ta jingina da rumbu a zaune, wai ƙasa ta yi zafi. Na ce ta kwanta in matsa mata ƙafa, ta kwanta don kunya, ba a jima ba ta yunƙura ta tashi tana tari, ta ce ƙurar kara ce. Da na danna ƙaurinta da yatsa wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Wannan ce ƙibar da maƙwabta ke yabo.

Dabarar furar ma Inna ta gane. Na gan ta ta kurɓa, ta ɗan yamutsa fuska, ta jira Amarya ta shiga ɗaki, ta tuttule rabi a kaskon kaji. Mata biyu a gida ɗaya, kowace na yi wa ƴar'uwarta dabara, kowace na nuna ba ta sani ba.

Abin da ya ƙarasa ni, ran nan da azahar na neme ta na rasa. Na zagaya bayan rumbu na same ta a tsugune da ɗan ƙullin tsumma a cinya. Gishirin Bilma ne a ciki, da gutsuren kanwa, da garin taba. Tana barbaɗa gishirin a kan ragowar tuwo, ga cukuna a gefe ta ci rabi. Tabar kuwa da kanwa take haɗawa ta cusa a kunci, yadda tsofaffin garinmu ke yi, alhali ta rantse wa Auta ta bari tun bara. Muka haɗa ido. Karo na farko ke nan a rayuwata da Inna ta kalle ni ido cikin ido, kuma kallon ɓarawon da aka kama ne. In na buɗe baki a lokacin zan faɗi abin da ba a faɗa wa uwa. Na juya na tafi ina huci.

Ranar kasuwa na hau amalanke na je wajen majo da kaina. Ni fa har lokacin ban sallama ba. A ganina ko da jikinta ya kumbura, ai baƙin ciki ne ya kumbura shi, kuma yaron likita ba zai san wannan ba sai wani ya tsegunta masa. Na same shi saurayi ne, siriri, bai ko kai sa'an Auta ba. Na gaya masa ko ni wace ce, na ce, "Kai ka ce uwata na da ciwon zuciya. Wa ya gaya maka ana ɓata mata rai?"

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, zauna." Ban je Makka ba, amma na zauna. Ya dunƙule hannunsa ya ɗora a ƙirji. "Ba zuciyar fushi nake nufi ba. Tsokar nan da ke bugawa, ita ce ta gaji. Tansiyonta ya hau, hawan jini ke nan, kuma ba jiya ya hau ba. Zuciya ta yi ta turawa har ƙarfinta ya ragu, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Gishiri da kanwa na ƙara riƙe ruwan. Ni abin da ke hannuna kaɗan ne. Na'urar da ke nuna zuciyar tana Damagaram, kuma tun kafin damina na ce a kai ta."

Na ce, "Ai ciwon nan na manyan maza ne masu tumbi, masu cin nama a birni. Ina Inna ina shi?"

Ya ce, "Haka kowa ke cewa, shi ya sa mata ke zuwa mana a makare. Namiji ya dafe ƙirji, a ɗauko shi a guje. Mace sau da yawa ba haka yake zo mata ba. Gajiya ce, haki, tashin zuciya, ciwon baya, wani lokaci muƙamuƙi. Sai a ce aiki ne, ko tsufa, ko an ɓata mata rai. Kuma in mace ta daina al'ada abin ya fi kusantarta. A danginku akwai wadda ta faɗi farat ɗaya?"

Na ba shi labarin kakarmu da yayar Inna, har da maƙwabcin gona da mai sayar da tumaki. Ya ce shi bai gan su ba, ba zai rantse ba, amma in shi ne, jininmu zai fara tuhuma kafin maƙwabci. Maganar nan ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Kafin in tashi ya ce in miƙo hannu. Ya naɗa mini abin awon, ya matsa, ya duba, ya ɗaga gira. Ya ce nawa ma ya hau. Na ce, "Yo ba dole ba, tun da na shigo kake ɓata mini rai." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce in na koma Tanut in je a sake aunawa, kar in yi wasa.

Da na dawo gida na iske Inna ita kaɗai a inuwar rumbu, Auta na gona, Amarya ta tafi rijiya. Na zauna a gabanta, ba a gefe ba yadda na saba. Na ce, "Inna, kin bar ni ina zargin baiwar Allah, na kusa tara mata gari. Kin san ba wanda ya ɓata miki rai. Me ya sa kika bar ni?"

Ta kalli awaki. Sannan ta ce, kamar da awakin take, "In ɓacin rai ne, ana ba da haƙuri ya wuce. In jiki ne, ɗaukar mutum ake a kai shi inda bai san kowa ba. Waɗanda na ga an kai Damagaram a kwance, ban ga sun dawo a zaune ba."

"To maganin fa? Me ya yi miki?"

Ta rufe baki da mayafi. "Fitsari yake sa ni. Ɗana na zaune a tsakar gida da baƙinsa, in yi ta wucewa ta gabansu da buta kamar ƙaramar yarinya? Surukata na ƙirga mini? Gara kumburin."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Na fara faɗa, na ce kunya ce za ta kashe ta, na ce so take ta bar mu yadda uwarta ta bar su, na ce abubuwa da yawa. Ta bar ni na gama. Sai ta ce, a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi, "Ke ma da kika zo, me kika tambaye ni? Wa ya ɓata miki rai. Kowa ya zo, wa ya ɓata miki rai. Haka aka yi ta tambayar yayata. Ba wanda ya taɓa cewa ina ke miki ciwo."

Na ce, "To ina ke miki ciwo, Inna?"

Ta kamo hannuna. Inna, da ba ta taɓa riƙe hannuna ba tun da na yi wayo. Na ɗauka ƙirji za ta kai shi, sai ta ɗora shi a muƙamuƙinta na hagu, ta ce nan, in ta yi tafiya, har ta sa wanzami ya cire mata haƙori lafiyayye. Ta zagaya da shi bayanta, tsakanin kafaɗu, inda na ji tabon ƙaho birjik, ta ce nan ma, kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ta sauke shi ƙarƙashin haƙarƙari ta ce nan kullum a cike yake, ko ba ta ci komai ba. Tana faɗa tana kallon gefe, ni kuwa hawaye na zuba ban share ba.

Na ce gobe za mu tafi. Ta ce sai an cire gyaɗa. Na ce gyaɗar ta ruɓe a ƙasa. Muna cikin haka Amarya ta shigo da bidon ruwa a ka, ta sauke, ta durƙusa daga nesa ta ce, "Inna, ni zan cire, in shanya, in zuba a rumbunki in liƙe. Ba mai taɓa ko ƙwaya sai kin dawo kin buɗe da hannunki." Inna ta ce, "In na dawo." Amarya ta ce, "Sai kin dawo." Ban ba yarinyar nan haƙuri da baki ba, ba halina ba ne, atamfa na ɗinka mata daga baya. Kuma har yau ina zargin ta san da ƙullin gishirin nan tun tuni ta yi shiru.

Ba gobe muka tafi ba, sai da Inna ta ƙara ja mana rai, ta ce a wanke mata zannuwa, ta ce sai ta sallami wance da wance, sallamar da ban so irinta ba. Na kwana da shirin ko za ta sulale ta ce ta fasa. Auta ya samo mota, aka sa ta gaba kusa da direba don ta samu iska. Har muka hau gudro, wato kwalta, muka miƙi hanyar Damagaram idona na kan ƙeyarta. In ta sunkuyar da kai sai in taɓa kafaɗarta, ta ce, "Ina nan."

A babban gidan likita muka yi jira har rana ta take. Likitar da ta gan mu mace ce, ta manyanta, da tabarau a karan hanci. Ta sa Auta ya tsaya bakin ƙofa, ni na zauna kusa da gado. Ta kwantar da Inna a jingine, ta shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'ura, sai ga wani abu a allon yana motsi a hankali. Ta ce zuciyar ke nan, ta buɗe ta yi girma, bugunta ba ƙarfi. Na zuba ido. Duk zuciyar da ake cewa matan gidanmu na da ita, yau ga ta ina gani, tana ta fama ita kaɗai. Likitar ta ce ba za ta koma sabuwa ba, amma in aka sha magani aka bar gishiri da taba, ruwan zai sauka, za ta kwanta ta yi barci kamar kowa, kuma za a jera mata shan maganin da sassafe yadda fitsarin zai ƙare kafin gida ya cika da mutane. Da jin wannan Inna ta ɗago kai. Likitar ta ce kuma da an zo da wuri da aikin ya fi sauƙi.

Sannan ta ja kujera ta zauna daf da Inna, ta ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya, ni ba ƴarki ba ce, ba surukarki ba. Haihuwa nawa kika yi? A cikin cikunan akwai wanda kika kumbura, kanki ya yi ta sara, idonki ya yi duhu?"

Inna ta ce akwai, na ƙarshen. Ta ce har zobe sai da aka cire mata da sabulu a lokacin, aka ce cikin namiji ne, haka yake. Bayan ta haihu aka yi ta ba ta kunun kanwa, ana gasa ta da ruwan zafi safe da yamma.

Likitar ta gyaɗa kai. "To wannan hakin, da nauyin bayan, tun yaushe kike jin su? Tun bara? Tun rasuwar maigidanki?"

Na buɗe baki zan ce tun damina, don abin da Auta ya gaya mini ke nan. Inna ta riga ni. Ta ɗaga yatsan nan da ba zobe, ta nuna bakin ƙofa, inda Auta ke tsaye da hularsa a hannu, uban ƴaƴa, furfura ta fara fito masa a gemu.

Ta ce, "Tun ina wankan jegon wancan."